Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Gwanayen Ƙwallon Kwando

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin can bai takura muku ba, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, har da jerin mutum goman da kake ganin sun fi kowa iya ƙwallon kwando tun da aka kafa gasar NBA ta Amurka. Ka ɗora LeBron James a kan gaba, Michael Jordan na bin sa, sannan ka tura Kareem Abdul-Jabbar can na biyar, ka kuma nemi in faɗi ra'ayina ba tare da kara ba. To, ban yarda da jerin nan naka ba, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matsayin da ka ba Kareem.

Na san daren da aka haifi wannan ra'ayi naka, domin muna tare. Watan Yuni ne na 2016, cikin azumi, wasa na bakwai kuma na ƙarshe na neman kofi tsakanin Cleveland ta LeBron da Golden State, ƙungiyar da ta ci wasa 73 cikin 82 a waccan kakar. An ɗauke wuta tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, muka fita da tocila muna fama da igiyar janareta, muka dawo muka zauna a kan tabarma da abincin sahur a gabanmu ba wanda ya taɓa. Saura ƙasa da minti biyu a tashi, maki 89 da 89, LeBron ya biyo Andre Iguodala daga baya ya maƙe ƙwallon a jikin allo, kai kuwa ka zabura da kofin kunu a hannu, rabinsa ya ƙare a kan rigata. Kafin wannan dare ba a taɓa samun ƙungiyar da aka yi wa ci uku da ɗaya a wasannin ƙarshe ta farfaɗo ta ɗauki kofi ba. Wanda ya ga haka da idonsa ba za a zarge shi ba idan ya ce ya ga ƙarshen gwaninta.

Hujjarka ta biyu ita ce daɗewa, kuma tana da ƙarfi. Mutumin da ya shiga gasar a 2003 yana ɗan shekara goma sha takwas, ya kai wasannin ƙarshe sau goma, takwas daga ciki a jere daga 2011 zuwa 2018, ya ɗauki kofi huɗu da ƙungiyoyi uku daban-daban, ya zarce kowa a yawan maki a watan Fabrairu na 2023, ya haura maki 40,000 a shekarar da ta biyo baya, har ya kai ga shiga fili tare da ɗan cikinsa, ba a raina shi. Sai dai ka tsallake 2011 kamar ba a yi ta ba. Yana da shekara ashirin da shida, ƙarfi ya kai masa ko'ina, ga Dwyane Wade ga Chris Bosh a gefensa, amma Dallas ta doke su, kuma a wasa na huɗu maki takwas kacal ya ci. Duk wanda za a kira na ɗaya a tarihi, dole a tambaye shi inda ya shiga a wancan mako.

Ni Jordan na sa a gaba, amma ba da hujjar da masoyansa suka fi yawan kawowa ba. Suna cewa ya kai wasannin ƙarshe sau shida ya ci duka shida, alhali LeBron ya faɗi sau shida. Wannan lissafi bai gamsar da ni ba, domin yana nufin gara a kore ka tun a hanya da ka kai bakin ƙofa ka faɗi, kuma mun san Detroit ta kori Jordan shekara uku a jere, daga 1988 zuwa 1990. Ƙidayar kofuna ita kaɗai ma ba ta kai mutum ko'ina, in ba haka ba da sai mu ce Robert Horry mai kofi bakwai ya fi Jordan, abin da ko shi Horry ba zai yi da'awa ba. Kuma gaskiya ce a kakar da Jordan ya ajiye wasa ya koma wasan baseball bayan an kashe mahaifinsa, ƙungiyarsa Chicago ta ci wasa 55 da Scottie Pippen da koci Phil Jackson, wato biyu kawai ta rage a kan na shekarar da ta gabata. Ashe ba shi kaɗai yake ɗauke da ƙungiyar ba.

Abin da ya ɗora shi a sama a wurina shi ne tsayin da ya kai sa'ad da yake kan ganiyarsa. Sau goma yana fin kowa yawan maki a kakar wasa. A 1988 shi ne ya fi kowa zura ƙwallo, shi ne gwarzon shekara, shi ne kuma gwarzon masu tsaron baya, wato wanda ya fi kowa cin maki shi ne wanda ya fi kowa hana a ci. Daga 1991 zuwa 1998 babu kakar da ya buga daga farko har ƙarshe da kofin ya kuɓuce masa, kuma a cikin wasannin ƙarshen nan shida ba a taɓa jan sa zuwa wasa na bakwai ba. Idan aka ce in zaɓi mutum ɗaya domin wasa ɗaya da ba a maimaitawa, shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Yanzu bari in zo kan Kareem, wanda dominsa na ɗauki alƙalami. Duk ma'aunin da ka auna LeBron da shi, Kareem ya hau shi bai faɗo ba. Shi ma ya kai wasannin ƙarshe sau goma, amma shida ya ci. Ya zama gwarzon shekara sau shida, adadin da ba wanda ya kai har yau. Ya yi kakar wasa ashirin, ya yi ritaya a 1989 yana da shekara arba'in da biyu, kuma maki 38,387 da ya bari sun jira shekara talatin da huɗu bayan ritayarsa kafin a wuce su. Ka kuma lura da yadda aka tara makin. Kareem ya yi shekara huɗu a jami'ar UCLA kafin ya shiga gasar yana da ashirin da biyu, kuma a duk tsawon wasansa jifa mai maki uku guda ɗaya tak ya taɓa ci, yayin da LeBron ya ci fiye da dubu biyu. Biyu-biyu ya tara nasa, akasari da jifan nan na gefe da ake kira skyhook, inda mutum mai tsayin ƙafa bakwai da inci biyu zai ba ka kafaɗa, ya miƙe hannu can sama ya saki ƙwallon daga inda ba hannun da zai kai. Kowa ya san abin da zai yi, an yi shekara ashirin ana kallo, ba a samo maganinsa ba.

Ya ɗauki kofinsa na farko a 1971 da Milwaukee, ƙungiyar da shekararta uku kacal da kafuwa. Shekara goma sha huɗu bayan haka, a 1985, Boston ta yi wa Lakers, ƙungiyar da ya koma, kaca-kaca da ci 148 da 114 a wasan farko, 'yan jarida suka ce tsoho ya ƙare, sai ya dawo wasa na biyu da maki talatin, aka ƙare da shi ne gwarzon wasannin ƙarshe yana da shekara talatin da takwas. Za ka ce biyar daga cikin kofunansa tare da Magic Johnson ya ɗauka, kuma a wasan da ya ba su kofin 1980 yana gida yana jinyar idon sawu, Magic ne ya ci maki 42. Na yarda, kuma shi ya sa ban ɗora shi a kan Jordan ba. Amma a ganina dalilin da ya sa ake mantawa da shi bai shafi fili ba. Ƙuruciyarsa ta faɗo a shekarun 1970, lokacin da gasar ba ta da masu kallo sosai, har wasan ƙarshe na 1980 ma sai da dare ya yi nisa aka nuna naɗaɗɗensa a talabijin a yawancin biranen Amurka. Ga shi kuma mutum ne mai kamewa, ba ya wasa da 'yan jarida, ya musulunta ya bar sunan Lew Alcindor a zamanin da hakan ba ya jawo wa mutum farin jini. Saboda haka na sa shi na biyu, LeBron na uku, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taki ɗaya ba.

Na huɗu a wurina Bill Russell ne, mai kofi goma sha ɗaya cikin shekara goma sha uku, biyu na ƙarshe yana ɗan wasa yana kuma koci. Ka ce a zamaninsa ƙungiyoyi takwas ko tara ne kawai, kuma haka ne a yawancin shekarunsa, amma ƙarancin ƙungiyoyi yana nufin kowane 'yan makonni sai ya yi gaba da gaba da Wilt Chamberlain, mutumin da ya ci maki ɗari a wasa ɗaya a watan Maris na 1962. Akwai daren da Wilt ya cafke ƙwallo 55 daga allo a gaban Russell, a 1960, amma Boston ce ta ci wasan, kuma kusan haka tarihin su biyun ya kasance. Aikin da Russell ya fi ƙwarewa a kai, wato kaɗe ƙwallo kafin ya kai kwando, ba a fara rubuta shi a lissafi ba sai 1973, bayan ya bar wasa.

Daga nan sai Magic, sai Larry Bird, sai Wilt, sai Tim Duncan, wanda na fifita a kan Kobe Bryant duk da kofinsu biyar-biyar ne, kuma na san wannan zai ɓata maka rai. Stephen Curry na ba shi na goma, domin tun da aka ja layin maki uku a 1979 ba wanda ya sauya yadda ake buga wasan kamar shi.

Gurbi na tara na Hakeem Olajuwon ne, wanda ka bari a waje gaba ɗaya. Ba zan ɓoye ba, akwai son kai a ciki, tunda ɗan Legas ne da ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa, kuma yana azumin Ramadan yana buga wasa. Amma ko an cire wannan, shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da aka ɗauki Jordan na uku, kuma har yau ba a cika jin mai cewa Houston ta yi kuskure ba. A 1994 ya haɗa gwarzon shekara da gwarzon tsaron baya da gwarzon wasannin ƙarshe, a 1995 ya bi ta kan David Robinson, gwarzon waccan shekarar, ya kuma share Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu da nema, sannan ƙwallo 3,830 da ya kaɗe ba wanda ya kamo su. Idan za ka mayar mini da amsa, ka fara da bayanin wanda ya cancanci ya zauna a gurbinsa, sannan mu koma kan 2011.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini.