Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Ma'aikatan Jinya, Maradi

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. Galibin aikin kwamiti a bana ya tafi ne kan sauraron ma'aikatan jinya game da manhajojin adana bayanan majinyata a kwamfuta, kuma domin haka muka zauna da mambobi a cikin birnin Maradi, muka kuma kai ziyara Madarunfa da Gidan Runji da Tasawa.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne rubutu sau biyu. Ma'aikaciya tana cike rajista da karnen majinyaci (ɗan littafinsa na asibiti) da hannu, sannan ta sake shigar da bayanin a kwamfuta bayan an watse, saboda babu wanda ya yarda ya saki takarda matuƙar wuta da intanet suna iya ɗaukewa a tsakiyar aiki. Abin ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakunan yara har majinyata su yi wa gadaje yawa. A irin wannan lokaci, manhajar da sai an buɗe shafi bayan shafi kafin a rubuta zafin jiki da nauyin yaro tana cinye lokacin da ya kamata a ba wa jinya.

Akwai kuma matsalar gane majinyaci, wadda a ganinmu masu ƙera manhajoji ba su ba ta haƙƙinta ba. Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, alhali gurbin ranar haihuwa a manhajar yana neman rana da wata da shekara, ga sunaye masu kama da juna, ga kuma suna ɗaya da wani zai rubuta Ousmane wani ya rubuta Usman. Sakamakon haka mutum ɗaya kan tashi da fayil biyu, kowanne da rabin tarihinsa.

Mun gudanar da horo, inda muka bambance wa mambobi manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta Norway kuma ake tattara alƙaluman lafiya na wata-wata da ita, da fayil ɗin majinyaci da ake buƙata a bakin gado.

Kwamiti ya rubuta buƙatunmu domin miƙawa ga hukumomin lafiya: manhaja ta yi aiki ko babu intanet, ta karɓi ƙiyasin shekaru, kuma masu aikin kwana su gwada ta kafin a girka ta. Ma'aji zai karanta rahoton kuɗi a babban taro.