Wasiƙa zuwa ga ɗana game da gyaran tsohuwar Sakhr

Ya kai ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Jidda, na samu saƙonka inda ka ce ka kunna tsohuwar kwamfutar Sakhr da ka ɗauka daga gidanmu na nan Makka, ta kama, rubutu ya fito a talabijin, amma na'urar karanta faifai ta ƙi aiki, sai ƙara take yi allo yana nuna "Disk offline". Na ga ya fi kyau in rubuto maka da in kira ka a waya, domin zancen yana da tsawo kuma ina so ka riƙa duba shi kana aikin.

Abu na farko, kada ka sake sa ko ɗaya daga cikin faya-fayan nan shida da ke cikin gwangwanin alewa a na'urar. Ka ce ka gwada biyu, kuma wallahi da na karanta wannan sai da gabana ya faɗi. A cikinsu ne na rubuta labarin da marigayi kakanka ya riƙa ba ni bayan sallar isha'i, tun tasowarsu daga ƙasar Haɗeja a ƙasa, da zamansu a Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da El Obeid ta Sudan, da shekarun da suka yi suna tsinkar auduga a yankin Jazira na Sudan domin tara guzuri, har suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Na rubuta shi da haruffan Larabci kamar yadda ya fito daga bakinsa, kuma babu wani kwafi a ko'ina. Na'urar da ta lalace tana iya kankare fuskar faifai a juyi ɗaya. Na'ura ana samun wata a kasuwar gwanjo ta Sawarikh ko a intanet, muryar kakanka kuwa ba a sayar da ita.

Wannan samfurin AX-350 ne, kamfanin Yamaha na Japan ya ƙera shi bisa tsarin kwamfutocin gida da ake kira MSX, kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait, na marigayi Muhammad al-Sharikh, ya sa masa Larabci da sunan Sakhr. Na saye shi a 1988, lokacin kana rarrafe. Kafin ka taɓa komai ka karanta takardar da ke manne a bayansa ka ga wutar da yake ɗauka, domin tsofaffin gidajen Jidda da yawa suna da soket na 127 da na 220 a ɗaki ɗaya, kuma ramukansu ba sa gaya wa mutum komai. Duk lokacin da za ka buɗe shi ka zare wayar daga bango, ka ba shi ɗan lokaci, kada kuma ka kai hannu wajen da wuta take shiga, saboda manyan kafasitocin wurin suna riƙe wuta bayan an kashe.

Ka fara neman faifan da babu asara idan ya lalace, ya kasance irin mai ɗaukar 720KB, wanda yake da rami ɗaya a kusurwa. Mai rami biyu na 1.44MB ne, maganaɗisunsa daban ne, kuma ko an toshe ramin da salatif ba a dogara da abin da wannan na'ura ta rubuta a kansa. Ka ja ƙarfen murfin gefe, ka juya faifan da yatsa a gaban haske. Idan ka ga tabo fari-fari kamar garin tuwo, fumfuna ce, kuma laimar Jidda ta fi ta Makka saurin haifar da ita. Faifai ɗaya mai fumfuna ya isa ya ɓata kan karatu, wato ɗan abin da ke karanta faifan, daga nan duk wanda aka sa bayansa sai ya ji rauni.

Idan ka cire murfin na'urar, ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare kowace waya. Sa'an nan ka sa faifan gwajin, ka rubuta FILES, umarnin nuna abin da ke cikin faifai, ka zuba ido. Ya kamata faifan ya juya sau 300 a minti ɗaya, sumul babu tangarɗa. Na'urorin wancan zamani iri biyu ne: akwai wadda injinta yake juya faifai kai tsaye, akwai wadda take da siririn bel na roba. Idan ka ji inji yana gudu amma faifai yana tsaye, bel ne ya saki ko ya narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta. Ka goge danƙon nan tas da sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, ka auna tsawon hanyar bel ɗin da zare, ka sayi daidai shi. Kada ka sa robar ɗaure kuɗi, domin tana miƙewa, gudun faifan ya riƙa hawa da sauka.

Daga nan sai kawunan karatu, guda biyu ne, na sama da na ƙasa, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ka jiƙa tsinken auduga da sifirit, ka shafa a hankali, ka canza auduga har sai ta daina fitowa da launin ƙasa. Kan sama yana rataye ne a jikin wani sifirin mai laushi ƙwarai, saboda haka kada ka ɗaga shi fiye da yadda audugar za ta shiga, domin idan sifirin ya lanƙwashe kan ba zai ƙara kwanciya daidai a kan faifai ba. A gefe za ka ga wata 'yar sanda mai zare kamar na noti, ita ce take tura kawunan gaba da baya. Giris ɗinta na shekara talatin da ɗoriya ya zama kamar busasshen ƙaro, kuma sau da yawa shi ne dalilin ƙarar da ka ji. Ka wanke shi, ka ɗiga sabon giris fari kaɗan da bakin tsinke, ka juya sandar da yatsa har ta saki. Kada ka fesa man kwance tsatsa a ciki.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi kiyayewa. Injin da yake juya wannan sanda yana ɗaure da sukurori biyu, wani lokaci da ɗigon fenti a kansu. Kada ka kwance su, haka ma na ɗan idon da yake gane zobe na farko. Bayanai suna kwance ne a zobba 80 a kowace fuska, zobe 135 a faɗin inci ɗaya, ka ga ke nan kaucewar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta sa kan karatu ya ɓace hanya. Na san wannan da jikina. Lokacin da nake aiki a wani shagon gyara, na kwance waɗannan sukurorin domin in ji daɗin wanki, na mayar, na tsara sabon faifai ya karantu lafiya, na miƙa wa mai kaya ina murna. Kashegari ya dawo da fuska a murtuke, tsofaffin faya-fayansa na lissafin shekara uku ko ɗaya ba ya buɗuwa. Na'urar da ta kauce tana karanta rubutun kanta, ba ta karanta na wata. Sai da muka nemo faifan daidaitawa da na'urar auna sigina, muka kwana biyu a kai. Don haka idan ka yi CALL FORMAT, umarnin tsara sabon faifai, ya yi nasara, kada ka ɗauka aiki ya ƙare, sai ka gwada wani tsohon faifan wasa da aka rubuta tun wancan lokaci.

Idan duk wannan bai yi ba, ka auna wuta da mita, ka duba ƙananan kafasitoci ko sun kumbura ko sun zubar da ruwa a kan allon. Na'urar faifai ta kwamfutar tebur ba ta shiga gurbin wannan haka kawai, saboda saƙon da take aikawa ta waya ta 34 daban ne da wanda MSX take jira. Akwai kuma Gotek, wadda take ɗaukar filasha a madadin faifai, tana da kyau don wasannin jikokina, amma ba za ta karanta na kakanka ba.

Su waɗannan shida ba na so Sakhr ta zama farkon mai karanta su ko bayan ta gyaru. Ka tura ɗan maɓallin kusurwar kowanne har ramin ya buɗe, domin kada a rubuta komai a kansu. Ka samo ƙaramar na'urar da ake kira Greaseweazle, ka haɗa ta da na'urar faifai mai lafiya wadda ka wanke, ka kwashe kwafin abin da ke cikin kowane faifai gaba ɗaya, ka goge kawunan tsakanin faifai da faifai. Ka ajiye kwafi uku, ɗaya a wurinka, ɗaya ka aika wa yayarka a Madina, ɗaya ka kawo mini. Idan ka buɗe rubutun a kwamfutar zamani ka ga haruffa a hargitse kada ka tsorata, tsarin Larabcin Sakhr ne ya bambanta da na yanzu, za mu karanta shi ta openMSX, manhajar da ke kwaikwayon MSX a kwamfutar zamani.

Ka fara da faifan da na rubuta lamba 4 a kansa da jan biro, shi ne na ƙetaren teku, kuma tun a da yana yi mini gardama wajen buɗewa. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce idan za ka zo ka dawo mata da gwangwaninta.

Wassalam,
Mahaifinka