Dashen ɓargo ba ya ƙarewa ranar da aka sallami yaro

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan yaranmu masu sikila da ake yi wa dashen ɓargo.

Kowa ya san yadda muke a nan Jos, da an ce za a fita da yaro Indiya sai dangi su tashi tsaye, a sai da fili, a buɗe gidauniya a masallaci da Facebook har a haɗa miliyoyin. Yanzu ma alhamdulillahi ana yi a gida, asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi na farko tun 2011, na Jami'ar Legas ma ya fara a 2024. Toh amma duk lissafinmu a kuɗin aiki da na jirgi yake tsayawa, ba mai ware kuɗin maganin da yaron zai yi wata da watanni yana sha in ya dawo, kuma wallahi a nan rai yake.

Ɓargon nan fa na wani ne, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Jiki na iya ƙin karɓarsa sikila ta dawo, ko kuma shi sabon ɓargon ya juyo ya far wa jikin yaron, fata ta feso da ƙuraje, gudawa ta ƙi tsayawa, ido ya yi ɗorawa saboda hanta ta taɓu, wani har ya rasa ransa. Abin da ke hana hakan su ne magunguna irin su tacrolimus da cyclosporine, yawanci sau biyu a rana awa 12 tsakani, ba wai sha in ka tuna ba, kuma dole a riƙa gwada jini don in maganin ya yi kaɗan a jini ba ya aiki in ya yi yawa ya taɓa ƙoda. Tunda sun danne garkuwar jiki sai a haɗa da acyclovir da Septrin da maganin fangas irin fluconazole don kare yaron daga kamuwa da cututtuka. Kwana 100 na farko bayan dashen su ne mafi haɗari.

Abin da ke ba ni tausayi, yawanci ba ganganci ke sa a daina ba. Uwa ta ga ɗanta da ba ya barci don ciwon ƙashi yau yana buga ƙwallo, sai ta ce ai ya warke a huta da ƙwayoyin. Wani uban kuɗi ne suka ƙare, sai ya koma ba da na safe kawai don kwalin ya kai ƙarshen wata, ga shi ba kowane kemis ke da su ba. Budurwa kuma ta ga cyclosporine ya fito mata da gashi a fuska dasashi ya kumbura, sai ta riƙa ɓoyewa tana cewa ta sha. Ga kakanni da jiƙo, Allah ya saka musu da niyyarsu, amma ba a haɗa maganin nan da komai sai likita ya sani, ko maganin tarin fuka rifampicin yana rage masa ƙarfi sosai. Azumi ma kar a matsar da lokacin sha da ka, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Roƙona ga masu haɗa gidauniya, tun farko a tambayi likita kuɗin magani da gwaje-gwaje na shekara guda a sa a lissafi. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta dubi yadda za ta ɗauke wa iyaye nauyin magungunan nan. Likitocinmu kuma a zauna da uwa a yi mata bayani da Hausa a rubuta mata lokutan, ita ce mai ba da maganin ba mai gida ba. Iyaye ku sa ƙararrawa a waya, ku tsaya yaro ya haɗiye a gabanku, in magani ya kusa ƙarewa ba kuɗi ku kira likitan tun da saura, kar kunya ta sa ku rage da kanku.

Na gode.

Wata uwa daga Unguwar Rogo, Jos