Hunturu da ciwon kogunan hanci: a gwada ruwan gishiri kafin a ruga kemis

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wata lalura da ke addabar mutanen Katsina da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, lokacin da iska ke kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta sauke mana, har hazo ya dusashe hasumiyar Gobarau da safe. Abin yakan fara ne da mura, sai hanci ya toshe, goshi da kumatu su yi nauyi, idan mutum ya kai goshinsa ƙasa a sujada ya ji kamar fuskarsa za ta zubo.

A cikin ƙashin fuska akwai kogunan iska guda 8, huɗu a kowane ɓangare: a kumatu, a goshi, a tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowane kogo yana da 'yar ƙaramar ƙofa da majina ke bi ta sauko hanci, kuma idan mura ko ƙura ta kumbura fatar cikin, ƙofar takan rufe, majinar ta taru ta yi kauri. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira sanusaitis. Mafi yawansa ƙwayar bairos ce ke jawo shi, yakan kuma lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10, kuma maganin antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Duk da haka, a hunturun bara na shiga wani kemis a rana ta biyu da fara ciwon, yaron shagon bai tambaye ni komai ba ya ƙirgo mini amoksisilin, wani maganin antibayotik, na kwana biyu. Irin wannan shan magani ba bisa ƙa'ida ba shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Abin da ya fi yi mini amfani yana cikin kicin ɗin kowa. A tafasa ruwa rabin lita, wato kwatankwacin leda ɗaya ta fiya wata, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a narka gishiri cokalin shayi ɗaya wanda ba a tula ba. Sai a wanke hannu, a zuba kaɗan a tafi, a shaƙa ta ƙofar hanci ɗaya a bar shi ya fito, sannan a koma ɗayar, sau biyu ko uku a yini, a kuma haɗa sabo kullum. Mu da muka saba shaƙa ruwa da fyacewa a alwala ba za mu ga baƙon abu a nan ba. Gishirin shi ke hana raɗaɗi, ruwan kuma ya tsinka majina ya wanke ƙura. Tafasawar wajibi ce, domin ruwan rijiya ko na randa yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ba su da illa idan an sha su, amma suna da haɗari idan suka shiga can cikin hanci.

Sirace, wanda iyayenmu suka gada, yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, ko da ruwan zafi zalla ne ko an jefa ganyen turare. Ba ya kashe cutar, kuma ina roƙon iyaye mata kada su lulluɓe ƙaramin yaro da tukunyar tafasasshen ruwa, saboda ƙunar da za ta biyo baya idan ta kife ta fi murar muni nesa ba kusa ba. Tsumma mai ɗumi a kan goshi da kumatu ya wadatar wa yaro. Shayin citta da kanumfari da lemun tsami yana da kyau, ko don yawan ruwan da mutum zai sha, zuma kuma tana tausasa maƙogwaro, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Masu babur su riƙa rufe hanci da takunkumi ko rawani, a kuma rage hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro a ɗakin mai ciwon.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cusa tafarnuwa ko man Robb a cikin hanci, domin majinar da ke zubowa bayan haka daga fatar hancin da suka ji wa ciwo take fitowa, ba alamar samun sauƙi ba ce. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin, shi ma idan aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi sai hancin ya koma toshewa fiye da da.

Idan ciwon ya haura kwana 10 ba sauƙi, ko ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi mai zafi ya biyo, to lokacin ganin likita ya yi. Idan kuwa gefen ido ya kumbura ya yi ja, ko mutum yana ganin abu bibbiyu, ko wuya ya sanƙare da matsanancin ciwon kai, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, domin ƙashin da ya raba kogunan nan da ido da ƙwaƙwalwa siriri ne ƙwarai.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
daga unguwar Rafindadi, Katsina