A Riƙa Tunawa da Zaɓukan Abubakar Rimi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in tunatar da matasanmu tarihin zaɓukan marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya lashe kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kano a 1979 ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ya kuma soke haraji da jangali da suka daɗe suna gallaza wa talakawa. Bayan saɓaninsa da Malam Aminu Kano, jagoran PRP, ya sauka daga mulki a 1983 domin tsayawa takara a jam'iyyar NPP, ya bar wa mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa kujerar, amma Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da Rimi a zaɓen. A ganina, saukar nan tasa mutunta masu zaɓe ce, kuma ta cancanci jaridarka ta yi mata cikakken sharhi.

Naka,
Mai karatu daga Kano