Malam, “borrow” da “lend” sun hana ni sakat

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka maka da alheri bisa wannan shiri na koyon Turanci da kake gabatar mana.

Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina tsaron kemis ɗin yayana a Zariya. Burina in shiga makarantar koyon aikin lafiya, amma sau biyu ina zana WAEC, duka biyun D7 na samu a Turanci, alhali sai da kiredit, aƙalla C6, ake ɗaukar mutum. Sauran darussan duk na ci. Yanzu ina shirin sake zama, ina zuwa lesin da yamma.

Ba ƙarancin kalmomi ne ke damuna ba, domin na haddace da yawa. Matsalata ita ce kalmomin aikatau masu kama da juna, waɗanda in na juya su zuwa Hausa sai su zama abu guda. Kwanakin baya a aji na ce wa malaminmu “borrow me your biro”. Ya dube ni ya ce, “A wurin wa zan aro maka?” Aka kwashe da dariya, ni kuwa na yi tsuru-tsuru don ban ga inda na kauce ba. Sai daga baya ya fahimtar da ni cewa mai karɓa shi ke “borrow”, mai bayarwa kuma “lend”. To mu a Hausa tushen ɗaya ne, na ari biro, ka ara mini biro. Abin da ya ba ni mamaki, mu kuma mun bambance aro da rance: abin aro shi ɗin za ka mayar, rance kuwa madadinsa za ka biya, kamar kuɗi ko kwanon masara. Bature bai damu da wannan ba. Ashe kowane harshe da wurin da yake tsaga gashinsa.

Haka “ji”. Da ita muke jin magana, mu ji ƙamshi, mu ji sanyi, mu ji daɗin miya, har mu ji Turancin ma. Su kuwa kowanne da tasa: “hear”, “smell”, “feel”, “taste”, “understand”. A kanti ma na sha cewa kwastoma “drink” ƙwaya biyu safe da yamma, har wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta ce magani “take” ake cewa. Na gode mata, amma wallahi ranar kunya ta hana ni sakewa.

“See”, “look” da “watch” ba su ba ni wuya, tunda muna da gani da dubawa da kallo. “Bring” da “take” ma kawo da kai ne. Inda na fi shan wahala shi ne “do” da “make”, duka biyun “yi” nake ji. Me ya sa kuskure sai “make”, aikin gida na makaranta kuma sai “do”? Sannan “say” da “tell”: na san ba a cewa “he said me”, amma a zauren jarrabawa in lokaci ya ƙure, shi hannuna ke fara rubutawa.

Wani abokina ya ce in daina tunani da Hausa gaba ɗaya. Malam, raina bai kwanta da wannan ba, don da Hausar na gane aro da rance, kuma ban san yadda mutum zai kashe harshen da yake mafarki da shi ba. Shin akwai ƙa'idar da ke raba irin waɗannan kalmomi, ko kuwa sai dai a haddace kowace tare da abokiyar tafiyarta a cikin jimla? In haddar ce, ta ina zan fara, ni da ba na samun fiye da awa ɗaya bayan rufe kanti?

Don Allah a amsa mini a shirin mako mai zuwa, zan kasa kunne.

Naka ɗalibi,
mai sauraro daga Zariya