Na fito daga rijiya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Wata huɗu ke nan ba ka ji ɗuriyata ba, kuma na san ka tanadar mini faɗa. Ajiye shi tukuna. Bari in fara da abin da ya hana ni zama.

Ka tuna kiranmu na ƙarshe, da ka ce muryata kamar ta mai magana daga ƙasan rijiya? To na fito, kuma ban sayi komai ba. Wayar da ke aljihuna ce ta zama makirufon kwamfutata.

Ka san idon Malam ya ƙara rauni. Tun bara nake karanta masa littattafai ina naɗa, ina aika masa. Bai taɓa ƙorafi ba, ka san halinsa, sai 'yarsa ce ta faɗa mini cewa yakan manna kunne da lasifika, yana mayar da jimla ɗaya sau uku kafin ya gane ta. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba. Da na zauna na saurari abin da nake aika masa, sai na ji ƙugin fankar kwamfutar ya kusa danne maganar. Makirufon nata ɗan mitsitsi ne, yana jiki ɗaya da fankar da maɓallan rubutu, ga shi nesa da bakina. Ita kuwa waya don magana aka yi ta, yawancinsu ma makirufo biyu ko uku gare su, don a rage hayaniyar gefe.

Za ka ce me ya hana in naɗa a wayar kawai. Na gwada. Amma karatun awa guda, ga tuntuɓen harshe, ga tari, dole sai an yanke an gyara, kuma a Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, nake wannan. Kullum kwashe fayil daga nan zuwa can ya ishe ni. Yanzu ina magana, ina ganin muryar tana zanuwa a allon kwamfuta nan take.

Manhajar da na yi amfani da ita WO Mic ce. Ana sa ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta, da wata 'yar ƙarama da ke sa Windows ta ɗauki wayar a matsayin makirufo. Na fara haɗawa ta bulutut, muryar ta fito a dushe kamar ta kiran waya. Ita dai hanyar da bulutut ya saba ɗaukar magana tana gutsurar sauti sau 8,000 ne ko 16,000 a daƙiƙa, alhali naɗi mai kyau 44,100 ko 48,000 yake so. Na koma waifai, sautin ya washe, sai dai dole su biyun su hau layi ɗaya, ka kwafe lambar adireshin da wayar ta nuna ka rubuta a kwamfuta, kuma da yara sun buɗe bidiyo sai maganar ta riƙa yankewa. Kebul ɗin USB ne ya raba gardama. Ba yankewa, jinkirin bai taka kara ya karya ba, wayar kuma tana caji. Sai dai a Android sai ka shiga bayanin waya a saiti, ka danna lambar ginin manhajar sau 7, ɓoyayyen sashen masu ƙirƙirar manhaja ya buɗe, can ciki ka ba kwamfuta izinin magana da wayar ta kebul.

Kai kuwa, ɗan gatan Apple, ba ruwanka da duk wannan wahalar. Tun 2022, da iOS 16 da macOS Ventura, wato manhajojin da ke tafiyar da wayar Apple da kwamfutarsa, iPhone ke iya zama makirufon Mac ba tare da ƙarin manhaja ba. Shekaru kana riƙe da su biyun, amma har yau ihu kake yi wa allo kamar mai kiran wani daga tsallaken kogi!

Af, dogon nan na bencin baya ya samu ƙaruwa, mace. Ya ce in faɗa maka har yanzu yana bin ka littafinsa. Ƙanenka kuma na gan shi, ya tara gemu, na wuce shi sai da ya kira sunana.

Abu biyu kada ka manta in za ka gwada. Ka sa abin saurare a kunne, domin in lasifika na buɗe sautin zai koma cikin wayar, ya tashi da wata ƙara mai huda kunne. Sannan ka jingina wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka, ɗan gefe kaɗan, don kada iskar "f" da "b" ta riƙa dukanta. Ni nakan sa ta a yanayin jirgin sama ma, tunda wani kira ya taɓa katse mini babi guda ana dab da ƙarshe.

Shekaranjiya na aika wa Malam naɗin farko. Da yamma 'yarsa ta kira, ta ce ya saurara yana kishingiɗe, bai mayar da ko jimla ɗaya ba, har ya gyara mini wata kalma da na ja wasalinta. Shekara guda bai gyara mini karatu ba, ashe ba ya ji ne sosai. Na daɗe riƙe da wayar ban iya cewa komai ba.

Ya tambaye ka. Ka naɗa masa ko shafi biyu ne, muryarka yake son ji. Ranar Asabar zan kira ka mu saita taka tare. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka